Kunyar Tsofaffi

Tun da marka ta kankama bana ban ga rana ta wuni a Karu ba. Ruwa yau, ruwa gobe, irin wanda ba ya zuba da ƙarfi ya wuce, sai dai ya yi ta tsiyaya kamar baƙon da ya rasa yadda zai yi sallama. Kayan da Rukayya ta shanya a igiya sun fara wari, bangon ɗakina ya yi gumi har tabarma ta ɗauki sanyi. Rukayya matar ɗana ce, ɗan farina, wanda ba na kiran sunansa sai dai in ce Baban Ummi. A wurinsu nake zaune tun rasuwar Malam, maigidana. Ciki da falo ne, sai ɗan ɗakin ajiya da aka share mini.

Baban Ummi direba ne a wani ofis a Garki, ko in ce direba ne a da. Bayan ƙaramar salla ogansa ya ce an rage motoci, aka haɗa da su aka rage. Yanzu keke napep na wani abokinsa yake karɓa in abokin ya gaji. Wata rana a samu, wata rana ya dawo da jiƙaƙƙiyar riga kawai. Girkinmu ya koma sau ɗaya, da la'asar. Ina gane lokacin da ludayin Rukayya ya kai gindin tukunya, sautinsa daban ne, kuma kullum yana zuwa kafin ta zuba nata. Nakan ce mata cikina ba ya son abu mai nauyi kwanan nan. Ita kuma takan ce ta ɗanɗana wurin girki har ta ƙoshi. Haka muke yi wa juna, kowace ta san abin da ɗayar take yi.

Ran Talata maƙwabciyarmu Maman Blessing ta leƙo da lema a hannu. Mutumiyar kudancin Kaduna ce, tana suyar doya a bakin titi, Hausarta irin ta nan ce wadda ba ta raba mace da namiji.

"Mama, kana ciki?"

"Ina ciki. Shigo daga ruwa."

"Ba zan zauna ba. Ran Asabar wata ƙungiya za ta raba tallafi a filin firamare, shinkafa da mai. Amma na tsofaffi ne kawai, kuma sai mutum ya je da ƙafarsa, ba aike. Ni zan kai mamana. Ka shirya mu tafi keke ɗaya."

Baban Ummi yana zaune a falo yana matse ƙafar wandonsa. Bai ɗago ba ya ce, "Inna ba za ta je ba. Ina raye uwata ba za ta tsaya layi a ɗauke ta hoto da buhu a hannu ba."

"To oga, sai ka kawo buhun da kanka," in ji Maman Blessing, ta buɗe lemarta ta fita.

Rukayya ta ci gaba da goge kwanon da ta riga ta goge. Ni ma ban ce zan je ba, ban ce ba zan je ba. Can sai mai tallan dafaffiyar gyaɗa ta wuce ta ƙofar gida, sabuwar gyaɗa, tururinta na tashi cikin yayyafi. Jikata Ummi ta kalli uwarta, uwar ta kalli wani wuri. Ba a saya ba, amma ƙamshin ya shigo ya zauna, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da gishiri. Shi ya ɗauke ni ya kai ni Yangoji, damina ta biyu da kai ni gidan Malam, ina ɗauke da cikin wannan da ya ce ba zan je ba.

Waccan shekarar ruwa ya yaudare mu. Ya sauka da wuri, da ƙarfinsa, kowa ya fita ya yi shuka. Dawa ta fito har ta kai tsawon yatsa, sai sama ta rufe. Rana ta yi ta duka, ganyen ya naɗe kamar tsinken tsintsiya, ya bushe a tsaye. Da ruwan ya dawo sai da aka sake shuka, kuma iri na biyu daga hatsin da za mu ci aka ɗebe shi. Surukina, wanda duk gida muke kira Baba, shi ya auna da hannunsa. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar kafin ya miƙa wa Malam.

Da rumbu nake gane inda muka kwana. Da farko Malam yakan hau ya sunkuya ya ciro dami. Daga baya sai ya shiga har ƙugu. Da marka ta zo, gaba ɗayansa yake shigewa, in tsaya a ƙasa da ƙwarya ina jin yana shara a ciki. Abin da ya miƙo mini rabinsa ƙaiƙayi ne da kashin ɓera, in zauna in tsince, in sheƙe, in sake tsincewa.

Da asuba nake tashi in yi faɗa da murhu. Itace ɗanye ne, duk inda ka ɓoye shi ruwa ya same shi. In yi ta hurawa har idona ya yi ja, hayaƙi ya cika ɗakin girki ya rasa ta inda zai fita saboda nauyin iska. Ƙanzon jiya nake jiƙawa in dama kunu, tsararo, wanda in ka leƙa kana ganin rufin ɗaki a ciki. Maza su sha su ɗauki fartanya. Ni kuma in bi matan unguwa bakin rafi tsinkar tafasa da rama. Tun muna samu a kusa har sai mun yi nisa, don kowane gida abin da yake ci ke nan. A dafa, a matse, a barbaɗa gishiri. In an samu ƙuli a yi kwaɗo, in babu a ci haka. Tafasa tana cika ciki amma ba ta zama. Kafin azahar ka ji ƙafafunka kamar na aro. Ni da nake da ciki, in na sunkuya tsinka na ɗago sai in ga rafin ya karkace, in dafa ƙasa in jira ya daidaita.

Masara ba mu bari ta ƙosa ba. Malam yakan ɓare kai ɗaya ya danna da farce, in farin ruwa ya fito ya ce a gasa. Maƙwabtanmu Gbagyi, 'yan ƙasa, su ne masu rogo da doya, sukan ba Baba rogo a kan in dawa ta zo ya mayar. Ranar da aka yi gayyar noma a gonarmu na ji nauyin abin da na kai wa mutane, fate-faten ganye da ɗan tsaki a ciki. Ba wanda ya raina, don a gonar kowa abin da aka ci ke nan. Suka lashe hannu suka koma noma, ruwa na bin bayansu. Daga gonar ana jin rurin manyan motoci a hanyar Lokoja, dare da rana, ɗauke da rodi da siminti zuwa sabon birnin da ake ginawa. Samari sukan tsaya da fartanya a hannu su bi su da ido.

Ɗaya daga cikin motocin nan ce ta tafi da ɗan Iya Tabawa. Tsohuwa ce a ƙarshen unguwarmu, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun koma tun suna ƙanana sai namiji guda. Ya tafi aikin lebura a wurin gini. Sallar farko ya zo da rediyo da turmin atamfa, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu su ce an gan shi a Suleja, wasu su ce gini ne ya faɗo. Ita dai kullum takan ce yana hanya. Ba ta da gona, ba ta da mai noma mata, gwiwoyinta sun kumbura kamar ƙullin kabewa. Amma ba a ba ta abu ta karɓa.

Ranar da muka samu tuwo na gaske Baba yakan ce in ɗebi malmala ɗaya in kai mata. In rufe da faifai in bi ta bayan gidaje.

"Amarya, wa ya ce miki ina jin yunwa?"

"Baba ne ya ce a kawo, Iya."

"Koma ki ce masa ya ci ya yi ƙiba. Ƙasusuwan wuyansa sun fi nawa fitowa. Ni na riga na ci."

Ina ganin murhunta, toka ce mai sanyi, kaza ma ta kwanta a ciki. In dawo da kwanon, wani lokaci har da ɗan ƙullin daddawa da ta ɗora a kan faifan, wai kada in koma hannu biyu. Baba ya buɗe ya gani ya girgiza kai, ya ce, "Allah ya kai mu cirar gyaɗa."

Gyaɗa ce ta fara ceton mu, ita ce ba ta ji farin ba sosai. Ana cirarta ne in ƙasa ta yi laushi, washegarin ruwa. Ka kama gindin ka ja a hankali, ta taho da 'ya'yanta gaba ɗaya suna reto, ka kakkaɓe ka kife ta rana ta gani. Da sassafe muka fita, mu da 'yan gayya, laka har idon sawu. Ba wanda ya jira a dafa. Kowa yana ja yana ɓarewa yana jefawa a baki, ɗanya, mai ruwa kamar madara, ƙasa na ƙaras-ƙaras a haƙori. Wannan ne karo na farko da na ji dariya a gona tun farkon damina. Mata muna biye da kwanduna muna tsinka, harawar kuma a tara gefe don dabbobi.

Da aka zo kunyoyin ƙarshe, na gefen hanyar rafi, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya nan. Waɗannan kunyar tsofaffi ce. A bar su sai ƙasa ta sha rana."

'Yan gayya suka miƙe suna karkaɗe hannu, don kowa ya san al'adar. Malam ne bai miƙe ba. Ya bari mutane suka yi gaba, sannan ya matso kusa da ubansa ya rage murya. Ina tsugune kusa da kwando, na ji su.

"Baba, bana fa ba kamar kullum ba ce. Rogon mutane yana kanmu. Ga mai ciki a gida."

"Na gan ta."

"Ko rabi mu cire. Nan ne ma ta fi 'ya'ya."

"Shi ya sa na zaɓi nan. Ubana ya bari a shekarar da ta fi wannan muni. In ka gaji gonar ka yi yadda ka ga dama."

Malam ya ɗauki kwandona ya ɗora a kansa ya yi gaba.

Sai da aka samu rana ta buɗe, ƙasa ta ɗaure ta yi tauri, sannan Baba ya koma shi kaɗai da tsakar rana. Na kai masa ruwa na ga yadda yake yi. Ba ya sassauta gindin da fartanya. Finciko shi yake da ƙarfi, ganyen ya taho da 'yan ƙwayoyi kaɗan, sauran duk su tsinke su zauna a ƙasa. Yana yi yana mita da ƙarfi don masu wucewa rafi su ji, wai ƙasar nan ta yi tauri, wai tsufa ya hana shi aiki da kyau. Ya kwashe harawar. Duk wanda ya kalli wurin zai ce an cire gyaɗa an gama. Da yamma ya faɗa a ƙofar masallaci cewa ya saki gona, mai son kala ya je.

Kala, wato tsintar abin da ya rage bayan mai gona ya kwashe nasa, ba roƙo ba ce. Abin da aka bari a ƙasa na wanda ya tona ne. Kuma a Yangoji ta wancan lokaci an san ta tsofaffin mata ce, yarinya mai ƙarfi ba ta zuwa. In an saki gona, masu zuwa rafi sukan canza hanya su zaga ta bayan kuka, ko da ta fi nisa.

Ni ban zaga ba ranar farko, don tulu ya yi mini nauyi, sai na hango masu kalar daga nesa. Iya Tabawa ba ta iya sunkuyo. Tsohon buhu ta shimfiɗa ta zauna a kai, ta miƙe ƙafafu, tana tono da guntuwar fartanya tsakanin cinyoyinta. In ta gama da inda hannunta ya kai sai ta dafa ƙasa ta ja jiki gaba, ta jawo buhun, ta jawo ƙwaryar. A kunya ta gaba akwai wata tsohuwar Gbagyi da ta sauke ƙwaryarta daga kafaɗa, ita ma tana nata. Ba sa jin yaren juna sosai, amma sun raba wurin ba gardama. Rana na dukansu, ƙudaje na bin gwiwar Iya. Duk ƙwayar da ta tono sai ta murje ta da yatsa, ta hure, sannan ta jefa. Na sauke idona na wuce.

Da la'asar sai ga ta a ƙofar gidanmu tana dogara sanda, ƙwarya cike a ka, zaninta duk ƙasa. Baba na zaune a dakali.

"Kai dai ka yi asarar yara," in ji ta. "Wa ya koya musu cirar gyaɗa? Rabin gonar suka bari a ƙasa. A zamaninmu da an yi wannan da an sha bulala."

"Yaran yanzu ne, Iya. Ya za a yi da su."

"Ka dai riƙa bin bayansu. Ba kullum za a samu mai tsince muku ba."

Malam yana cikin zaure yana jin su. Ya tashi ya shige gida. A daren nan gyaɗar da muka dafa sai da na ƙirga da ido kafin in raba.

Ta yi kwanaki tana zuwa har ta tone wurin tas. Bayan nan hayaƙi ya fara tashi a gidanta, ƙamshin suyar ƙuli ya kai har ƙofarmu. Wata safiya ta aiko a kira ni. Na tarar ta ɗaure ƙuli a ganye, da ɗan mai a kwalbar magani.

"Ungo. Ki riƙa kwaɗo da shi. Cikin nan naki ba ya girma, ban san me suke ba ki a gidan nan ba."

Na durƙusa na sa hannu biyu na karɓa, na yi mata godiya. Ta ce in tashi in tafi, tana da aiki.

Na daɗe ina tambayar kaina ko ta sani. Matar manomi ce, ta cire gyaɗa tun ba a haife ni ba, ta san bambancin abin da ya tsinke da kansa da abin da aka fincike. Ta sani mana. Amma ba wanda ya taɓa sa ta faɗa, har ta koma ga Allah bayan damina biyu. Mu muka yi mata wanka. Ɗanta bai zo ba.

Bayan Baba ya rasu Malam ya ci gaba da bari, amma kunyoyin suna raguwa. Daga baya aka daina gayya, sai 'yan ƙwadago da ake biya a kan buhu, su kuwa ko ƙwaya ba sa bari. Da ciwo ya kwantar da Malam aka sayar da gonar aka kai shi asibiti. Wanda ya je kwanan baya ya ce mini an zagaye ta da katanga, an sa ƙofar ƙarfe, ba a gina komai ba, ba a shuka komai ba.

Ran Alhamis muna zaune da Rukayya tana tankaɗe ɗan garin da ya rage, na fara ba ta labarin. Na ce mata a Yangoji akwai abin da ake kira kunyar tsofaffi. Ita a nan birni aka haife ta, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, kunya ɗaya ta sani. Ta ajiye rariya ta ce, "Inna, in kunya kike ji ki bari kawai. Wallahi ba wanda zai ga laifinki. Za mu san yadda za mu yi."

"Ba wannan kunyar nake nufi ba, 'yar nan. Ta gona."

"Gona kuma tana da kunya?"

A baki kalmomin biyu ba ɗaya ba ne, muryar tana sauka a ɗaya, ba ta sauka a ɗayar. Sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci, da girmana, na ga ashe a takarda harufansu ɗaya ne. Na so in yi mata bayani, sai na ga idonta yana kan garin, tana auna ko zai kai Asabar. Na ce mata wani tsohon zance ne, ta ci gaba da aikinta.

Ran Juma'a da yamma na ce wa Baban Ummi gobe zan raka Maman Blessing dubiya. Ya ce Allah ya ba mara lafiya sauƙi. Bai tambayi wane ne ba. Ran Asabar tun kafin in idar da lazimi na ji ya buɗe ƙofa ya fita.

Filin firamaren ya cika kafin mu isa. An kafa rumfa da kujeru a gaba, ta manyan baƙi ce. Mu aka ce mu yi layi a fili, mata daban maza daban, ana yayyafi. Ban taɓa sanin Karu na da tsofaffi haka ba. Ashe muna nan a ƙuryoyin ɗakuna. Ga masu sanda, ga wanda aka turo a baro, ga wata Bafulatana da ta ce tun asuba ta taso daga ruga a ƙasa. Mahaifiyar Maman Blessing ta riƙe hannuna tana rera waƙar coci a hankali don ta manta da ƙafarta. Baƙin ba su zo ba sai bayan azahar. Da suka zo aka yi ta jawabi a lasifika, yawanci da Turanci, in an tsaya a ce mu tafa. Wani dattijo a layin maza ya gaji ya zauna a cikin laka, hularsa a gwiwa, ba wanda ya ce masa ya tashi.

A bakin igiya wani saurayi mai rigar ƙungiyar yana tace mutane. Da na zo ya dube ni sama da ƙasa.

"Mama, ke kin kai kuwa? Da sauran ƙarfinki fa."

"Na kai, ɗana."

"Mu ga furfura."

Na tsaya. Tun da aka kai ni gidan Malam namijin da ba muharramina ba bai ga kaina ba. Na baya suna cewa a yi sauri. Na sa yatsa na tura ɗankwalina baya kaɗan. Ya leƙa ya ce, "Ta yi. Wuce."

Buhun ƙarami ne, ana ɗauka da hannu ɗaya, an buga hoton mai bayarwar a jiki. Wata mata mai ƙamshin turare ce ke miƙawa. Na kama, na ja, sai na ji ba ta saki ba. Ashe sai an ɗauki hoto muna riƙe mu biyu. Mai hoton ya ce in ɗaga mayafi a ga fuska. Na ɗaga. Sai ya ce, "Mama, smile."

Na waiwaya bayana. Na ɗauka wani Isma'ila yake kira ya matsa. Mutanen rumfa suka kwashe da dariya, matar ma ta yi, ta dafa kafaɗata. Wani ya ce, "Cewa ya yi ki yi murmushi." Na buɗe haƙorana. Sannan wata yarinya ta kawo waya kusa da bakina ta ce in faɗi sunana, in faɗi yadda muke fama a gida, in yi godiya. Na faɗa. Ta duba wayar ta ce ƙarar janareto ta shiga, in sake. Na sake, har da cewa ɗana ba shi da aiki, don ta ce wannan wurin ya yi kyau kada in bar shi. Man girkin kuwa ya ƙare tun kafin a zo kanmu.

Muka hau keke. Maman Blessing ta ɗaga buhun mamanta ta jijjiga ta ce, "Hoton ya fi shinkafar nauyi."

Rukayya ta karɓa ba ta kalle ni ba, ta ce sannu Inna, ta shiga ɗakin girki. Ta juye shinkafar a roba, buhun kuma ta naɗe ta cusa a bayan murhu. Ta dafa da ɗan manja da gishiri da albasa. Rabon gidan da wannan ƙamshi tun salla. Ta zuba wa kowa, ta zuba wa kanta, har da saura a tukunya.

Baban Ummi ya dawo gab da magariba, a jiƙe. Ya zauna aka ajiye masa kwano. Ya daɗe yana kallonsa, tururi na tashi yana raguwa. Sannan ya wanke hannu ya yi bisimilla ya fara ci, a hankali, kansa a ƙasa.

Ummi ta cinye nata ta lashe yatsu, ta matso ta jingina da ni.

"Ƙawata, na gan ki a wayar Anti Blessing. Kina ta waige-waige, mutane suna dariya. An rubuta abu a ƙasa da Turanci."

"To, na yi kyau?"

"Kin yi. Yaushe za ki koma ki karɓo mana wata?"

"Ke, rufe mana baki," in ji Rukayya.

Na dubi ɗana. Na ba shi lokaci, don ban so in riga shi magana ba. Hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Ruwa na sauka a kan kwanon rufi, ana kiran salla a masallacin bayanmu. Ya ɗebo loma ya kai baki.

Na gyara wa Ummi ɗankwalinta na ce, "In sun sake kira, ƙawata."